Yadda Tasalla Ta Sayi Gawar Motarta

A wani daji, can gaba da inda kwalta ta ƙare, an yi wata gafiya ana ce mata Tasalla, tana da mota. Ba wata mota ba ce ta a zo a gani. Tsohuwar a-kori-kura ce, fentinta ya daɗe da tafiya, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi sai an ajiye ta a gangare ko an samu masu turi. Amma tana tashi. Kullum da safe Tasalla za ta loda tumatir da albasa da tattasai daga fadama ta kai Kasuwar Gindin Kuka, ta dawo da fasinja da buhunan gishiri. Yadda ƙafarta ke kai wa birki kuwa, wannan tsakaninta da motarta ne.

Da motar nan take ciyar da 'ya'ya goma sha ɗaya, da tsohuwar uwarta, da wani ƙanen marigayi mijinta da ya zo kwana biyu shekara huɗu da suka wuce.

Dokar dajin ta ce kowace mota sai da inshora. Yawancin direbobi ƙaramar suke yi, takarda ce kawai da ake miƙa wa masu tsaron hanya ta taga a wuce. Tasalla ita babbar take yi, wadda aka ce ko me ya sami mota kamfani ne zai ɗauka. Shekara bakwai tana biyan Kamfanin Inuwar Gobe ba fashi, su kuma duk shekara suna ba ta kalanda.

Ranar wata Laraba ta ajiye motar a tasha ta shiga rumfar Iya Tabawa, wata tsohuwar beguwa mai sayar da ɗanwake. Tana cikin ci sai ga Bauna ya zo wucewa, bayansa na ƙaiƙayi. Ya duba bai ga bishiya a kusa ba, sai ya jingina da motar ya sosa. Ƙofar hagu ta shige ciki, gilashi ya zube, bamba ta faɗi ƙasa. Bauna ya juyo ya dubi aikinsa, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya wuce. Ba wanda ya bi shi, don a dajin ba a cika bin Bauna da magana ba.

Tasalla ta share gilashin, ta ɗaure bambar, aka tura mata, mota ta tashi kamar kullum. Wani biri mai bugun jikin mota a nan tashar ya zagaya ya ce dubu sittin zai miƙe ta har da gilashi. Tasalla ba ta da dubu sittin a ajiye. Iya Tabawa ce ta tuna mata cewa ai tana da mutane, shekara bakwai tana kai musu kuɗi, yanzu lokacinsu ne su ma su san hanyar gidanta.

Ofishin kamfanin yana cikin wata ƙatuwar kuka da aka sa wa ƙofar gilashi. A jikin ƙofar an rubuta a riƙa rufewa saboda na'urar sanyi, ita kuwa na'urar tun ranar da aka buɗe ofishin ba a ji motsinta ba. Mai karɓar baƙi wata hawainiya ce, ido ɗaya a kan mai magana, ɗayan a kan wayarta. Shekara bakwai Tasalla ta san ta koriya shar, don kullum biya ke kawo ta. Ranar nan da ta ce karɓa ta zo, tana kallo Malama Hawainiya ta koma ruwan toka tun daga wutsiya har baki.

Aka ba ta fom huɗu. Ɗaya yana tambayar ko akwai tsohuwar gaba tsakanin motar da Bauna. Wani yana so a faɗi matakin da mai mota ta ɗauka don hana ƙaiƙayin. Tasalla ta cika abin da za ta iya, sauran ta rubuta Allah ne masani, aka ce ta je za a aiko mai dubawa.

Bayan mako uku ya zo. Injiniya Sambo Burtu ke nan, da baƙar kwat da wannan igiyar da ma'aikata ke ɗaurawa a wuya, yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa laifi. Ya zagaya motar daga nesa, bai taɓa ta ba. Tasalla ta ce bari a tura ya ji inji, ya ce a'a, ƙara tana hana shi bincike. Ya yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro, ya yi rubutu, ya sake gurnani. Da ya gama sai ya dubi hanya, ya dubi rana, ya tambaya ko ta wajen ofis ta nufa.

Ta ɗauke shi a gidan gaba. A hanya ya ƙarasa rahotonsa, inda ya tabbatar cewa motar ba za ta ƙara motsi ba har abada. Sau biyu yana ce mata ta rage gudu, girgiza na ɓata masa rubutu.

Da sakamako ya fito aka kira ta. Malama Hawainiya ta karanta mata a hankali. Kuɗin motar a ranar da abin ya faru dubu ɗari uku ne. Gyaranta a garejin da kamfani ya yarda da shi dubu ɗari huɗu ne, don sai an yi odar ƙofa daga ƙasar waje. Tunda gyara ya fi mota tsada, kamfani na baƙin cikin sanar da ita cewa motarta ta mutu. Za a biya ta dubu ɗari uku, gawa ta zama ta kamfani, kuma ranar Litinin ta sama Nomau Ungulu, ɗan gwangwan, zai zo da janwe ya ɗauka.

Motar tana nan a bakin ƙofa tana ta rugugi, don babu gangare a ofishin, Tasalla ba ta kashe ta in ta zo.

"Malama, ga ta can fa," in ji Tasalla. "Da ita na zo. Ita ce ke girgiza miki gilashi."

Hawainiya ta juya ido ɗaya ta taga, ya daɗe a can, sannan ya dawo.

"Na gan ta, Hajiya. Amma ba ta cikin fayil."

Tasalla ta zauna ta yi tunani. Ta san kasuwar motoci, mafi arahar a-kori-kura da ke iya hawa tudun fadama ba ta kasa dubu ɗari tara. Dubu ɗari uku a gidanta wata biyar ne, in an hana ƙanen miji ƙari. Daga nan babu mota, babu kuɗi, sai baki goma sha huɗu. Sai ta ce to ta fasa, a ba ta takardunta, ta yafe, za ta san yadda ta yi da Biri.

Hawainiya ta ce ai ba a fasawa. Fayil in an buɗe shi, mutuwa ko biya ne kawai ke rufe shi, nata kuwa ya haɗa duka biyun. An ma riga an sanar da ofishin lambar mota. Amma kamfani yana da tausayi, akwai fom na biyar, na wanda ke son riƙe gawar motarsa. Sai dai ya saye ta daga hannun kamfani, a cire a cikin kuɗinsa. Ta buɗe wani fayil ɗin ta duba. Ungulu ya taya dubu ɗari uku da hamsin, saboda haka in Tasalla ta ciko dubu hamsin daga aljihunta, sai ta tafi da motarta da lotsattsiyar ƙofarta, babu wanda zai tare ta.

Tasalla ta tambaya yaya aka yi mota da ranta take dubu ɗari uku, gawarta kuma ta fi haka da hamsin. Hawainiya ta ce sashen da ke ƙiyasta masu rai daban, na gawa daban, ba sa shiga aikin juna. In ba ta gamsu ba, Kwamitin Sauraron Koke yana zama ranar Alhamis, ƙarƙashin shugaban kamfani, Dakta Barau Gadu.

Kafin Alhamis labari ya gama tasha. Direbobi suka yi ta zuwa gaisuwa, su hau bayan motar su zauna, su ce ashe haka abu ya faru, Allah ya ba da haƙuri, su ci gyaɗar da ta saya wa yara. Wasu fasinjoji suka ce su ba za su shiga gawa ba. Waɗanda suka shiga suka ce a yi musu ragi. Nomau Ungulu kuwa kullum da safe yana kan reshen da ke saman motar, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya roƙe ta ta riƙa bin ramuka a hankali don ya riga ya yi wa wani alkawarin tayoyin.

Ranar Laraba da la'asar Tasalla ta zauna a rumfar Iya Tabawa, ɗanwake a gabanta ta kasa ci. Ta ba ta labarin fom na biyar da kwamiti. Da ta ambaci sunan shugaban, sai tsohuwar ta ajiye ludayi, ta yi dariya har ƙayoyin bayanta suna kaɗawa.

"Barau? Barau na layin 'yan rogo? Ke yarinya ce, ba ki san shi ba. Shekara talatin yana dillancin rogo da dankali a tsohuwar kasuwa, a nan gabana yake cin abinci a tsaye. Daktan nan dai ban san na wane ciwo ba ne. Abin da na sani, Barau bai taɓa iya ganin bayan mai saye ba. Na ga ranar da ya bi wani kada har cikin ruwa da kwandon dankali a ka, yana cewa ƙara kaɗan. In ciniki ya yi zafi wutsiyarsa miƙewa take yi tsaye, duk kasuwa an sani. Kada ki je masa da kuka, 'yata, kuma kada ki ce za ki yi musu da takarda, sun fi ki takarda. Ki je ciniki."

Tasalla ta ce ai yanzu babban mutum ne, an ce ko sunan kasuwa ba ya so a ambata a gabansa. Iya Tabawa ta ce ta ci ɗanwakenta kafin ya huce.

Ranar Alhamis rabin tasha suka rako ta, wasu don zumunci, wasu don an daɗe ba a yi abin kallo ba. Aka bar su a waje wajen motar. A ciki an shimfiɗa dogon tebur da robobin ruwa. Injiniya Burtu na gefe guda, Hawainiya na rubutu, Ungulu ya zo a matsayin mai sa ido, sai wasu zabi biyu 'yan kwamiti waɗanda aikinsu gyaɗa kai. A tsakiya ga Dakta Barau Gadu cikin kwat mai maɓalli shida, da tabarau a kan hanci, haurensa biyu an goge su suna ƙyalli. Ya gyara murya ya yi jawabi.

"Baiwar Allah, kwamiti ya karanta kokenki, kuma ya ji tausayinki daidai gwargwadon da doka ta yarda. Amma ina so ki fahimci inda kike. Nan ba kasuwa ba ce. Nan ma'aikata ce ta ilimi. Mu ba ma duban mota da ido irin na jahilai, muna duban ta da ƙididdiga. Mutumin kan titi yana ganin abu na tafiya sai ya ce yana da rai. Mu mun yi karatu, mun wuce nan. Akwai motoci da yawa a dajin nan da ke tsaye shekara goma a kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinsu, amma a wurinmu lafiyarsu ƙalau, don masu su na biya kuma ba su taɓa kawo ƙara ba. Taki ta kawo ƙara, aka duba, aka samu ta mutu. Ba mu muka kashe ta ba, mu rubutawa kawai muka yi. Farashin gawa kuma masana ne suka yanke, ba a ragi, ba a ƙari, ba a tayi. Ina fata kin gamsu."

Zabin nan biyu suka gyaɗa kai.

Tasalla ta yi godiya, ta ce ita ba ta yi boko ba, tana roƙon Injiniya ya karanta mata takardarsa ta farko ta ƙara ji. Burtu ya miƙe ya karanta: inji ya gaji, giya ta sassauta, ƙasan mota tsatsa ta cinye, tayoyi sun suɗe, abin da ya rage tarkace ne. Ta ce to ta biyun fa, ta farashin gawa. Ya juya shafi ya karanta da murya ɗaya: inji garau, giya kamar sabuwa, ƙarfe irin na da wanda ba a yi yanzu, tayoyi da sauran shekara biyu. Duka takardun sa hannunsa ne, kuma rana ɗaya. Ta tambaya ko motoci biyu ya duba. Ya ce mota ɗaya ce, takarda ta farko daga hagu ya tsaya, ta biyu daga dama.

Ba wanda ya yi dariya. Hawainiya ta rubuta.

Sai Tasalla ta miƙe, ta sauke gyalenta daga kafaɗa ta ɗaure a ƙugu, irin ɗaurin da take yi in ta shiga layin 'yan tumatir. Ta daina kallon takardu, ta dubi shugaban.

"To shi ke nan, ranka ya daɗe, na yarda ta mutu, kuma na yarda taku ce. Ni yanzu mai saye ce. Kayan naku nawa?"

Dakta ya ce ya riga ya faɗa, dubu ɗari uku da hamsin, kuma ya sake tuna mata nan ba kasuwa ba ce.

"Ashirin," in ji Tasalla.

Wani abu ya motsa a maƙogwaron Dakta Gadu. Ya haɗiye, abin ya dawo. Ya sha ruwa, ya sake dawowa. Shekara goma sha biyu ke nan rabon da wani ya dube shi ido cikin ido ya yi masa tayin wulaƙanci irin wannan, kuma jikinsa ya riga kansa sanin amsar.

"Albarka," in ji Dakta.

Burtu ya juyo ya dube shi. Shi ma Daktan kamar ya so ya juya ya ga wanda ya faɗa.

Tasalla ba ta ba shi sarari ba. Ta shiga kushe kaya. Ta ce wace irin mota ce wannan da ba ta tashi sai da turi, lagireto na yoyo sai an zuba masa garin rogo, fitilar hagu sai an mare ta, giya ta uku kuma tun bara ta daina amsawa. Ta faɗi aibobin da ko Burtu bai san da su ba, don shekara tara tana rufa wa motar nan asiri. Ta taga tana jin rugugin injin, a ranta tana ba shi haƙuri.

Dakta ya ce wannan zancen wanda bai san mota ba ne. Ya cire tabarau. Ya ce a yau a dajin nan a nemo masa ƙarfe irin wannan in za a samu. Tasalla ta ce ba a cinikin abin da ba a gani ba, in yana da gaskiya ya fito. Kwamitin da ba ya fita ya tashi ya bi shugabansa waje.

A gaban 'yan tasha Dakta Gadu ya tuɓe kwat ya miƙa wa zabuwa ɗaya. Ya daki bonet da tafin hannu ya ce a ji ƙarar, wannan ba gwangwani ba ne. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba ya leƙa ƙasan motar, ya taso da ƙura a hanci yana rantsuwa cewa ko jikokinta sai sun gaji wannan mota. Ya ce saboda mutunci ta kawo ɗari biyu da hamsin. Ta ce ashirin da biyar. Ya ce tana so ta kashe shi ne, ɗari biyu. Wata tsohuwar mai goro a cikin taron ta taɓa ta kusa da ita ta nuna mata bayan wandon Dakta, inda wutsiya ta sami hanya ta miƙe tsaye kamar eriyar rediyo.

Burtu ya matso ya ce ranka ya daɗe, ƙa'idar sashe ta ce... Dakta ya ce masa ba a sa baki a ciniki, in ba saye zai yi ba ya matsa. Ungulu ya sauko daga reshe ya tuna wa shugaba cewa shi fa ya taya ɗari uku da hamsin. Dakta ya tambaye shi kuɗin na hannunsa. Ungulu ya ce kamar yadda aka saba, sai ya farfasa ya sayar tukuna. Dakta ya ce to ya koma reshensa, ba a ciniki a kan ciniki, kuma mai kuɗi a hannu ake saurara. 'Yan tasha suka ce gaskiya ne, haka ake yi.

Aka sauko ɗari da hamsin, aka sauko ɗari. Tasalla ta hau talatin, ta daɗe a nan, ta hau arba'in ta tsaya. Dakta ya tsaya a tamanin. Ya ce ko uwarsa ce ta zo ba zai ba ta ƙasa da haka ba, shi ma ba haka aka ba shi ba. Tamanin ɗin ma, in aka cire, da abin da zai rage za a yi gyara a ci abinci, kuma Tasalla ta sani. Amma ta san wani abu kuma: wutsiyar nan in ta kwanta, Dakta zai tuna shi Dakta ne, ya ce duk abin da aka yi ba ya cikin fayil. Maganar ba ta ƙulluwa sai ya furta kalmar sallamawa da bakinsa, shi kuwa dillali ba ya furta ta ga wanda ke tsaye a gabansa.

Ta kwance gyalenta ta mayar kafaɗa. Ta zare makullin ta ajiye a kan bonet, injin ya yi tari ya mutu.

"Allah ya kawo kasuwa," ta ce, ta juya.

Daga motar zuwa ƙofar shingen kamfani ba nisa, amma ga gafiya tafiya ce. Ta bi ta gaban Ungulu, wanda ya fara gyara fukafukai. Ta wuce 'yan tasha, suka buɗa mata hanya. Ba ta waiwaya ba, don mai saye in ya waiwaya ya ƙara kuɗi. Tana tafe tana lissafin bakuna goma sha huɗu, da tudun fadama, da yadda ake ɗaukar kwandon tumatir a ka. Ta kai bakin shinge. Ta sa ƙafa ɗaya a waje. Bayanta shiru, sai kukan wata kurciya.

Ta ɗaga ƙafa ta biyu.

"Ke Hajiya, zo mana. Haba, daga magana sai tafiya? Kawo hamsin."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Arba'in da biyar."

"Kawo. Na sallama. Allah ya sa a mora."

'Yan tasha suka amsa da amin baki ɗaya, har da zabuwar da ke riƙe da kwat.

A dajin nan ana musun sa hannu, ana musun hatimi, an taɓa yin wanda ya musa hotonsa. Amma wanda ya ce ya sallama a gaban shaidu sannan ya janye, ko gishiri ba zai ƙara saye a kasuwa ba, shi da iyalinsa. Dakta ya san haka fiye da kowa a wurin. Ana kallo wutsiyar ta sauko a hankali. Ya dubi gwiwoyin wandonsa, ya dubi ma'aikatansa, sannan ya lura hannunsa na dama a buɗe yake a gaban Tasalla, yana jiran la'ada. Ta kwance bakin zane ta ɗora masa 'yan canji. Ya daɗe yana kallon su. Ya sa a aljihu, ya karɓi kwat ɗinsa, ya mayar da tabarau, ya umarci Hawainiya ta rubuta cewa kwamiti, bayan dogon nazari na ƙwararru, ya sabunta farashin gawa bisa yanayin tattalin arziki.

Daga nan aka nemi masu turi. Injiniya Burtu ya ce shi bayansa na ciwo.

Kuɗin sun fito bayan wata biyu. An cire dubu arba'in da biyar na gawa, an cire kuɗin buɗe fayil da na rufe shi, da na zuwan Injiniya har da kuɗin motarsa na komawa, da na ruwan da kwamiti ya sha. Abin da ya rage ya ishi Biri ya miƙe ƙofa ya sa gilashi, aka sayi tayoyi biyu na hannu, yara suka ci nama sau ɗaya. Takardun motar suka dawo da jan hatimi a kowane shafi, an buga MATACCIYA.

Saura inshora, don tsohuwar inshorar ta mutu tare da motar, masu tsaron hanya kuma ba sa karɓar labari. Tasalla ta koma ofis da kuɗi a hannu, Malama Hawainiya ta koma koriya tun kafin a gama sallama. Tasalla ta ce wannan karon ƙaramar take so. Hawainiya ta ce motar da ta taɓa mutuwa ba a yi mata ƙarama, sai babba, kuma kuɗin ya ninka saboda haɗarinta ya fi yawa. Tasalla ta ƙirga ta miƙa, sannan ta tambaya in Bauna ya sake jin ƙaiƙayi nawa za a biya ta.

"Ba komai, Hajiya. Kamfani ba ya biyan mutuwar mota ɗaya sau biyu."

"To kuɗin me na ba ki yanzu?"

"Kwanciyar hankali," in ji Hawainiya, ta miƙo mata rasit.

Motar tana nan har yau tana hawa tudun fadama da tumatir, gidan Tasalla ana ɗora tukunya, ita kuma duk shekara tana zuwa ta biya. A taron ƙarshen shekara Dakta Barau Gadu ya ambaci motar a cikin nasarorin kamfani. Ya ce tun da suka ɗauki nauyin kula da ita, ba ta ƙara mutuwa ba.